Jirgin da Nitai Ya Nutsar

Shekara shida ke nan rabon da Monorama ta kira jikarta da sunan da ta raɗa mata tun tana goye. Da can "Koli" take cewa, yanzu kuwa sai "Dakta". Dakta, ga shayinki. Dakta, a ƙara miki kifi? Baƙo zai ɗauka alfahari ne irin na tsofaffi, amma Kakoli Jana ta san mari ne, kuma ta san laifinta. Laifin yana shafi na ɗari da sha huɗu na littafin da ta rubuta a Ingila, littafin da ya samo mata kujerar koyar da tarihin mulkin Birtaniya a wata jami'a can arewacin ƙasar.

Layi biyu ne kacal. Ta rubuta cewa a 1942, lokacin da Turawa suka tsorata kada sojan Japan su shigo ta bakin teku, har suka bi ƙauyukan Medinipur a gabashin Indiya suna kwashe jiragen ruwa, wani Nitai Barman na ƙauyen Nonaberiya ya kai musu jirgi da hannunsa. Haka ta gani a rajistar gunduma a gidan adana takardu na Kolkata, ta ɗauki hoton shafin, ta kwafe. Nitai Barman kuwa shi ne mahaifin Monorama.

Jirgin da ake magana ba na Nitai kaɗai ba ne. Shi da Haru Giri suka haɗa ƙarfi aka sassaƙa shi, ƙaton jirgi mai dakon shinkafa da gishiri, rabin gari a jikinsa suke ci. Wata ranar biki gari ya watse, da aka dawo da yamma babu jirgi a bakin rafi. Nitai ya ce ya kai wa Turawa, bai ƙara ko kalma ba. Bayan wata biyar guguwa ta taso daga teku ta tafi da shi da ƙanensa. Yunwa ta biyo baya, kwalara ta zo ta tarar da yunwa ba ta tafi ba. Gidan Haru kaɗai mutum tara aka rasa, alhali da akwai jirgi da an je an nemo shinkafa. Tun daga nan sunan Nitai ya zama abin zagi a Nonaberiya, gidan Giri kuma suka karɓe babban tafkin da ke bayan gidansa a madadin rabonsu.

Monorama tana da shekara bakwai a lokacin, kuma tun ranar labarinta ɗaya ne. Ba a kai jirgin ko'ina ba. Babanta da ƙanensa sun fasa gaɓar rafi da ruwa ya cika, suka turo shi cikin tafki, suka loda masa laka ya nutse, ita ma da bakin zanenta ta yi ta kwasar lakar. To amma wa zai saurari marainiya tana kare ubanta a shekarar da ake cin ciyawa? Ta girma, ta yi aure a unguwar gaba, ta haifa, ta tsufa, ba ta sauya ko harafi ba. Kakoli ta naɗi muryarta har awa biyu tana wannan bayani, da ta ga ya saɓa wa rajista sai ta ajiye shi gefe. Haka aka koya mata, wai tsohuwa tana mantuwa, takarda ba ta yi. Ni dai ban taɓa ganin takardar da ta rubuta kanta ba.

A shekara ta biyu ta annobar korona Kakoli ta zo hutun sati uku, aka rufe hanyar jirgin sama, ta maƙale a gida. Ana cikin haka wata guguwar ta sake tasowa, ruwan teku ya tsallake ganuwa ya shiga gonaki da tafkuna, kifi ya mutu ya yi ta iyo ciki sama. Makarantar firamare da aka keɓe don masu tari ita aka cika da waɗanda ruwa ya ci gidajensu. A tsakiyar wannan ne wasiƙa ta shigo kwamfutarta daga Ingila: za a yi taron masana tarihi a kan masifun da ke haɗuwa lokaci ɗaya, an raba zaure huɗu, na yaƙi, na yanayi, na yunwa da na cututtuka, a wanne take so a saka ta?

Ta karanta wa tsohuwar tana dariya, ko za ta ɗan saki fuska. Thakuma take kiranta, wato kaka a yarensu.

"Thakuma, kin ji, wai in zaɓi ɗaya."

Monorama tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Su a can layi suke bi? Mu tare suka faɗo mana, ko gafara babu." Ta hure ƙaiƙayi. "Bishtu zai cike tafki, Dakta. Litinin tifofi za su fara zuba yashi. Sai ki samu abin ƙarawa a littafi."

Bishtu Giri jikan Haru ne, tafkin yana hannunsa. Gishiri ya kashe masa kifi kaf, ɗansa ya dawo daga birnin Surat ba aiki, shi ne ya yanke shawarar ya binne ramin ya gina ɗakunan haya na masu zuwa bakin teku. Tuni injin zuƙe ruwa yake ta ɓaɓatu kwana uku. Idan yashi ya hau, siminti ya hau kan yashi, maganar Monorama ta tafi ke nan, sai layi biyun nan su zauna daram har abada.

Kakoli ta kasa cin abincin rana. Ta shige ɗaki ta nemo hoton rajistar, ba don tana tsammanin wani abu ba, sai don ta gamsar da kanta cewa ba ta yi zalunci ba. Ga sunan, ga ƙauyen, ga "jirgi ɗaya". Sai idonta ya zarce dama, zuwa wani siririn gurbi da ba ta taɓa kula shi ba, domin a lokacin jirage take ƙirgawa gunduma-gunduma, ba girmansu ba. Magatakarda ya rubuta yawan mutanen da jirgin ke ɗauka: sha ɗaya. A gefe kuma da ƙaramin rubutu: ruɓaɓɓe. Jirgin Nitai da Haru kuwa kowa ya san mutum arba'in yake kwasa da kayansu.

Ta fito da kwamfutar a hannu.

"Thakuma, babanki yana da wani jirgin ban da babban?"

"Akwai tsohon kwale-kwalen kakana, agwagi ke kwana ciki. Shi ya liƙe da kwalta ya ja ya kai musu, suka rubuta sunansa suka ƙyale shi."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Kin tambaya?"

Kunya ta rufe Kakoli tun daga kai har ƙafa. Awa biyu ta naɗa, amma tambayoyin da ta shirya tun daga Ingila kawai ta yi.

"To me ya hana shi gaya wa Haru?"

"Haru mutumin kirki ne, sai dai bakinsa kwando. Lokacin 'yan sanda na bin gida-gida saboda masu bore, mari biyu ya ishe shi ya tona. Baba ya ce gara a zage shi wata shida, in ƙura ta lafa sai a ɗago jirgi a yi dariya." Ta ajiye faifan. "Ƙurar ce ba ta lafa ba."

Washegari Juma'a da hantsi Kakoli ta sami Bishtu a rumfar mai shayi, shi da dattawa biyar, kowa takunkuminsa a haɓa kamar gemun aro.

"A'a, ga 'yar London! Ku kakkaɓe mata benci, kada dattinmu ya ɓata mata ilimi."

Ta gaida Bishtu da Jetha, wato baffa. "Jetha, barka da hantsi. Alfarma na zo nema. Ka ba ni kwana biyu in duba tafkin kafin a zuba yashi."

"Ki duba me? Mushen kifi?"

"Jirgin."

Rumfar ta ɗauki dariya, har mai shayi ya zubar da madara. Bishtu bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa a hankali.

"'Yata, ni ban yi karatu ba, amma ɗana ya karanta mini wurin ya fassara. Ke kika rubuta da Turanci, duniya ta karanta, cewa Nitai ya kai jirgi. Ranar nan babana da yana raye da ya yi kuka, don shekara da shekaru Pishi, wato Gwaggo Monorama, na mayar da mu maƙaryata. Yanzu kuma kin zo kina cewa yana cikin laka. To wa zan yarda da shi, littafin ko mai littafin?"

Kakoli ta san ba ta da komai a hannu sai lamba sha ɗaya da maganar tsohuwa. Idan ta buɗe baki ta faɗa, aka tona ba a sami komai ba, ta zubar da littafin, ta zubar da kakarta, ta zama abin nuni a garin ubanta. Amma ta riga ta yanke shawara tun jiya.

"Littafin ya yi kuskure, Jetha. Ni na yi shi."

"Ƙara faɗa. Kunnen nan na hagu gishiri ya cinye shi."

Ta janye takunkumi, ta ɗaga murya har masu wucewa a keke suka waiwayo. "Na ce na yi kuskure! Na ga suna na kwafe, ban karanta layin har ƙarshe ba."

Bishtu ya daɗe yana kallonta. Shi ba mugu ba ne, mutum ne da aka raine shi da sunayen matattu tara.

"Lahadi, rana na faɗuwa, shi ke nan. Litinin da safe tifa za ta zo, direban kuma ba ya jin Turanci."

Asabar da sassafe Kakoli ta ɗaure zanenta na sari a ƙugu, ta zari rodi ɗaya daga cikin waɗanda Bishtu ya tara don gininsa, ko izini ba ta nema ba. Aka kawo Monorama a kujerar roba aka ajiye a gaɓar gabas, inda ta saba zama kullum da yamma tun kafin a haifi uban Kakoli. Tsohuwar ta miƙa hannu ba gargada.

"Nan. Daidai gindin dabinon da yake nan da. Taku goma daga baki."

Ruwan ya ragu zuwa ƙugu, baƙi ƙirin, wari kamar a toshe hanci a gudu. Kakoli ta shiga. Ta caka rodi, ya shige sumul. Ta zare, ta matsa taku ɗaya, ta sake cakawa. Da yake mai aikin takardu ce, layi-layi ta bi, tana kafa tsinken gora a duk inda ta gama. Kafin azahar rabin gari ya hallara a gaɓa, annoba ko oho, wasu har da gyaɗarsu.

"Dakta, a turo miki Baturen da zai riƙe miki lema?"

"Ku bar ta, digiri na biyu take nema, na kamun ƙaguwa!"

Ta tono bulo, ta tono fasasshiyar tukunya, ta tono takalmin wani da ya ɓata tun zamanin da ba a sani ba. Tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, gishiri ya shiga. Da la'asar ta gama duk gefen gabas, taku ashirin daga baki, babu ko ɓallin katako. 'Yan kallo suka gaji suka watse.

Da ta fito tana ɗiga, sai ta tarar da abin da ya fi dariyar mutane ciwo. Monorama ta ƙanƙance a kujera, idonta a kan ruwa, leɓenta na motsi.

"Ko dai mafarki na yi?" in ji ta, ba da kowa take ba. "Yarinya ce ni fa. Ko dai sun yi gaskiya?"

Shekara saba'in da tara gari guda bai girgiza matar nan ba, littafi ma bai girgiza ta ba, sai ga shi rodin jikarta ya yi a yini ɗaya. Kakoli ta durƙusa a gabanta da lakarta da komai.

"Ba mafarki kika yi ba, Thakuma. Sha ɗaya aka rubuta. Gobe zan koma."

Lahadi da safe tana ɗaure hannuwanta da tsumma a bakin tafki sai ga Shefali, matar da ke gyaran taru, ta zo wucewa da kwando a ka. Ta tsaya tana kallon tsinkayen gora. Didi take kiran Kakoli, wato yaya.

"Didi, ke kuwa duk wahalar nan a bakin gaɓa kika sha? Ai gaɓar nan ba ta da ba ce. Uwata ta ce bayan babbar guguwa ƙasa ta zabge, sau biyu ana sake ɗaga ta, kullum baya take ja. Inda dabino yake da, yanzu ruwa ne."

Kakoli ta saki tsumman. "To ina bakin yake a da?"

"Wa ya sani? Ni dai in za ki shiga tsakiya, ki kauce wa wurin mai tafki." Ta nuna da haɓa can ciki, inda wata gora ke tsaye da jan ƙyalle a kanta. "Ba ya son taru. Na gidan Giri kawai da na ɗinke saboda shi sun fi talatin."

Kakoli ta tsaya kamar an dasa ta. Ta san wurin mai tafki, wa bai san shi ba? Tana ƙarama an sha ja mata kunne kada ta yi iyo ta wajen, akwai aljani a ƙasa mai kama ƙafa yana yaga taru. Duk shekara gidan Giri da kansu suke kai masa ayaba da shinkafa a ganye. Ta san wannan, ta san labarin kakarta, shekara talatin labaran biyu suna zaune a cikin kanta ba su taɓa gaisawa ba, domin ɗaya ta ajiye shi a wajen camfi, ɗaya a wajen rikicin tsufa. Ita da ke yi wa masu zaure huɗu dariya!

"Didi, kada ki je! Didi!"

Ta riga ta shiga. Ruwa ya kai ƙirji, laka na tsotsar ƙafa, sai ta fizge da ƙarfi kafin ta ɗaga. Tsoro ya kama ta, ba za ta ɓoye ba, tsoron yarinta ba ya jin digiri. Da ta isa gorar mai jan ƙyalle ta ɗaga rodi da hannu biyu ta caka. Ya shige kamu uku, ya tsaya da wani sauti mai kauri da ta ji shi har haƙoranta. Ta matsa ta sake. Haka. Ta bi shi taku bayan taku, abin yana tafiya a miƙe, sannan ya fara lanƙwasa yana tasowa, har ƙafarta ta taka shi.

Ihun Shefali ya tara mutane fiye da na jiya. Bishtu ya iso da tawul a kafaɗa, aka kawo Monorama da kujerarta.

"Kututturen giginya ne!" in ji Bishtu daga gaɓa. "Guguwa ta jefa su da yawa!"

Kakoli ta saki rodin. Ta ja numfashi ta nutse, tana yaƙushin laka da yatsu a inda katakon ya fi tasowa, ta ɗago, ta sake nutsewa. A karo na huɗu sai ga Shefali a gefenta, tana addu'a tana zagi a lokaci ɗaya, ta zo da lauje. Suka yi ta yi har rana ta take tsaka. Can yatsun Kakoli suka taɓa wani abu mai santsi, zagayayye, an kafe shi a jikin katako. Shefali ta sa bakin lauje ta ɓanɓaro shi. Faɗinsa kamar tafin hannu, laka ta rufe shi ruf. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan nan ya san idon tagulla da ake kafa wa goshin jirgi don ya ga hanya, kuma giginya ba ta da ido.

Kafin Kakoli ta iso gaɓa, kafin kowa ya ga ko mene ne sosai, muryar tsohuwar ta tashi, tsaf, kamar ba ita ce ta jiya ba.

"In na hagu ne, yana da lotsawa a sama. Haru ne ya kuskure da guduma ranar da aka kafa shi, Baba ya yi ta yi masa tsiya."

Bishtu ya miƙa hannu, Kakoli ta ba shi. Ya goge da tawul ɗinsa, ya tofa yawu ya sake gogewa. Ya sa babban yatsa a cikin lotsawar ya bar shi a nan. 

Ya zo gaban kujerar ya durƙusa, dattijo mai shekara sittin da biyar, ya taɓa ƙafarta.

"Pishi," in ji shi. "Yana nan? Duk shekarar yunwar yana nan, a cikin tafkinmu? Da an ɗago shi ai da..."

"Na gaya wa kakarka, ta kore ni da tsintsiya. Amma ko ta yarda, Bishtu, mutum ashirin ake bukata a ɗago shi. A waccan shekarar ka nemo mini ashirin masu iya tsayuwa da ƙafafunsu." Ta ɗora hannu a kan furfurarsa. "Tashi. Ba kai ka yi ba."

Ya tashi yana share fuska. Ya ciro waya ya gaya wa mai tifa kada ya zo, ya kashe tun mutumin yana magana. Sannan ya tuɓe riga ya juya ga masu kallo.

"Ku kuma uban me kuke jira? Jiya kun iya dariya. A kawo igiya!"

Maza suka fara zubar da takalma suna gangarawa, Monorama tana bin su da ido tana ƙirgawa a hankali. Da ta kai ashirin ta daina, ko da yake ba su ƙare ba.

Kakoli tana tsaye a gefe, jini da laka na ɗiga daga hannunta, ta rasa ta inda za ta fara ba da haƙuri.

"Thakuma, zan gyara. Zan rubuta musu yau, in an sake bugawa..."

"A wane shafi kika sa shi?"

"Ɗari da sha huɗu."

"To a nan za ki mayar da shi, ba can baya inda ba mai dubawa ba." Tsohuwar ta kama gefen kujera ta miƙe da ƙyar. Ta ɗan daɗe tana kallon goshin jirgin da ya fara leƙowa baƙi daga cikin laka, mutane na ihu a kewaye da shi.

"Ranar Baba ya ce mini, ki riƙa duba mini wurin nan har a zo ɗauka." Ta gyara mayafinta, ta juya wa tafkin baya. "To, an zo. Koli, riƙe ni mu je gida, ki wanke hannun nan kafin ya kumbura."